Ina ake sa jak a tsohuwar mota ba tare da an lotsa ta ba?

Tambaya: Ina da tsohuwar mota salun ƙirar shekarun 1970, ina so in ɗaga ta gaba da baya in canza bututun birki. Da na zura jak ɗinta na asali a ramin da ke ƙarƙashin ƙofa na fara murzawa, sai na ji ƙas-ƙas, garin tsatsa ya zubo, na yi maza na sauke ta. Yanzu ina zan sa jak, ina kuma zan tokare ta, don kada in lalata motar ko ta faɗo mini?

Amsa: Malam, sauke ta da ka yi shi ne daidai. Kada ka ƙara zura jak a ramin nan sai mai walda ya buɗe wurin ya ga abin da ke ciki. Ramin ɗan bututu ne da aka liƙa da walda a cikin dokin ƙofa, shi kuwa dokin ƙofa akwatin ƙarfe ne mai tsawo, cikinsa fanko. Ruwa da laka suna shiga su kwanta, tsatsa ta fara ci daga ciki, fenti na waje yana nan yana sheƙi, kamar icen da gara ta cinye. Mercedes W123, MGB, Porsche 911 da Volkswagen Beetle duk suna da irin wannan rami, kuma a dukkansu wurin yana cikin inda tsatsa ke fara kamawa. Littafin kamfani bai yi ƙarya ba da ya ce nan ne wurin jak, amma da sabuwar mota aka rubuta shi. Bayan shekara hamsin, littafin zai nuna maka inda za ka fara dubawa ne kawai, ƙarfen da ke gabanka shi zai yanke hukunci.

Kafin ka sake taɓa jak, ka san irin ginin motarka. Akwai masu shasi daban, wato dogayen ƙarafa biyu masu kauri da aka haɗa da ƙarafan gicciye, aka ɗora bodi a kai aka ɗaure da noti. Tsofaffin Land Rover da manyan motocin Amurka da yawa haka suke. A irin waɗannan, shasin ake ɗagawa kuma shi ake tokarewa, bodi ba ya shiga maganar. Akwai kuma waɗanda bodin shi ne shasin, an naɗe falankin ƙarfe an yi masa walda ya zama gida guda, kamar Peugeot 504, Mercedes W123, MGB da Ford Mustang na farko. Salun ta shekarun 1970 mai ramin jak a dokin ƙofa, kusan tabbas tana cikin wannan rukuni na biyu, kuma su suka fi buƙatar hattara, don wuraren da ke iya ɗaukar nauyi a jikinsu ƙididdigaggu ne.

Ka yi lissafin da kanka. Mota mai kilo 1,200 da injin a gaba, sama da rabin nauyinta yana kan tayoyin gaba, a ce kilo 650. Kan jak kuwa faɗinsa bai wuce santimita 5 zuwa 10 ba. Falankin daɓen mota kaurinsa milimita ɗaya ne ko ƙasa da haka tun yana sabo. In ka tara kilo 650 a wannan ɗan wuri a kan wannan falanki, zai lotse sama ya ɗaga kafet a ƙarƙashin ƙafar direba, in kuwa tsatsa ta ci shi, jak ya ɓula ya shige. Ƙarafan da suka isa ɗaukar nauyi su ne waɗanda kamfani ya ɗora wa injin da sifirin: ƙarfen gicciye na gaba da ke ƙarƙashin injin, dogayen akwatunan ƙarfe biyu da ke bin ƙasan mota daga gaba zuwa ƙarƙashin kujeru, wurin da aka ɗaure ƙaramin shasin gaba ko na baya a jikin bodi, da marataya sifirin na baya. Duk inda nauyin motar ke bi ya sauka kan taya a kullum, nan ne za ka nema.

Abubuwan da ba a sa musu jak kuwa suna da yawa, kuma mafi yawansu suna da kamar ƙarfi a ido. Kaskon man injin yana kan gaba: in na ƙarfe ne zai lotse ya matse bakin bututun da ke zuƙo mai, injin ya riƙa gudu da ƙarancin mai ba ka sani ba, in na alminiyam ne ya tsage. A tsohuwar Mini ta 1959 da ƙannenta, giyabos ɗin ma a cikin kaskon yake. Gidan injin Beetle da gaurayen maganiziyam aka yi shi, ba ya lanƙwasa, tsagewa yake. Haka ƙarfen da ke ƙarƙashin lagireto, sandunan sitiyari, tankin fetur, ramin safayar taya da bamba. Wasu motocin kuma suna da nasu tarkon. Gaban Jaguar E-Type ƙananan bututu ne siraran gaske aka haɗa suka riƙe injin, jak ɗaya a tsakiyar bututu ya isa ya lanƙwasa shi. Manyan Chevrolet na 1958 zuwa 1964 shasinsu gicciye yake a tsakiya kamar harafin X, babu ƙarfe a gefe ƙarƙashin ƙofa, wanda ya sa jak a nan bodi tsura ya ɗaga. Masu bodin faiba irin Corvette da Lotus Elan, duk abin da ya taɓa faiban da nauyi zai bar tsaga.

Maganar difarenshal, wato ƙullutun tsakiyar aksul na baya, ta kasu biyu. In aksul ɗin sanda guda ne daga taya zuwa taya kuma gidansa na ƙarfe ne, yawanci ana ɗaga bayan mota ta nan, matuƙar kan jak bai hau murfin baya ko notin zubar da mai ba. Murfin siriri ne, in bakinsa ya lanƙwashe zai dinga yoyo. In kuwa kowace tayar baya da nata hannu take motsi, difarenshal ɗin a rataye yake a kan roba, wani lokaci gidansa na alminiyam, to kada ka ɗaga ta nan sai littafin gyara na wannan motar ya faɗa a fili, kuma ka ga robobin ba su ruɓe ba.

Da ka zaɓi wurare, gwada su tun motar tana ƙasa. Kwanta da tocila, ɗan ƙaramin hama da sukundireba. Ƙarfe mai lafiya in ka ƙwanƙwasa yana amsawa tas, ruɓaɓɓe kuwa sautinsa a dushe yake, wani lokaci ka ji ɓarɓashi na zuba a cikin akwatin. Danna bakin sukundireba da ƙarfinka a kusurwoyi da bakin walda. Kada ka ji tausayin wurin, in sukundireba ta shiga da ƙarfin hannu, jak zai shiga da nauyin mota. Ka yi zargin duk inda aka shafa baƙin kwalta mai kauri, musamman in ya yi kumburi ko ya fi na kewaye sabunta, don masu sayar da mota sun daɗe da sanin yana rufe ɓarna. Manna mayen ƙarfe: in bai kama ba a wurin da ya kamata a ce ƙarfe ne, an cika da fila ko faiba. Sannan ka bi da ido inda bututun birki, bututun fetur, igiyar birkin hannu da salansa suka bi. Sau da yawa a jikin akwatunan ƙarfen nan da kake son tokarewa aka maƙale su, kuma bututun birki da aka matse ya baje ba ya nuna kansa sai ranar da ka taka da ƙarfi.

Kayan aiki ba su da yawa. Jak mai mai, mai tayoyi da dogon hannu, na tan 2 ya isa yawancin salun, manyan motocin Amurka kuwa a nemi na tan 3. Matokarai huɗu na ƙarfe, masu faɗin ƙafa. Ka lura, masu ƙera matokarai da yawa nauyin da suke rubutawa na biyu ne a haɗe, wato mai rubutun tan 3 kowane ɗaya tan ɗaya da rabi yake ɗauka. Na fi amincewa da mai ƙusa da ake zurawa ta ratsa sandar, ko mai haƙori da ke da ƙarin ƙusar tsaro, don a 2020 an janye matokarai masu haƙori sama da miliyan ɗaya daga kasuwa a Amurka saboda harshen da ke kama haƙorin yana iya zamewa. Duba waldar ƙafafunsu kafin kowane aiki. Sai weji huɗu na tare taya, da guntayen katako mai tauri ko filawud mai kauri, da roba mai kauri ta kan jak.

Katakon nan shi ke ceton tsohuwar mota. Guntu mai tsawon santimita 20 zuwa 30 da aka shimfiɗa a bin tsawon akwatin ƙarfe yana raba nauyin, ya kuma hana haƙoran kan jak su kankare fenti su buɗe wa tsatsa sabuwar ƙofa. Filawud ya fi katako mai laushi, don mai laushi yana iya rabewa biyu ta bin jijiyarsa farat ɗaya. In wurin yana da leɓen walda a tsaye, yanka tsaga a katakon ko robar yadda leɓen zai shiga, nauyi ya sauka a gefensa, in ba haka ba leɓen zai kwanta. A kan matokari guntu ɗaya kawai ake sawa, mai zama daram. Ba a jera guntaye don ƙara tsawo.

Bulo na siminti ba ya shiga wannan aiki ko kaɗan. Ba ya gargaɗi, ba ya lanƙwasa, fashewa yake gaba ɗaya. Jak ma ɗagawa ne aikinsa kawai. Abin da ke riƙe da motar a cikinsa ɗan zoben roba ne da ɗan ƙwallon ƙarfe a bawul, kuma ɗayansu na iya saki a kowane lokaci. Jak na asali da ya zo da motar, ko mai shiga rami ko mai kama bamba na tsofaffin motocin Amurka, don canza taya a bakin hanya aka yi shi, ba a sa ko hannu a ƙarƙashin motar da ke kansa.

Wurin aiki ya zama daɓen kankare, shimfiɗaɗɗe, a share shi tas. A kan ƙasa ko kwaltar da rana ta dafa, ƙafar matokari tana nutsewa a hankali, ɗaya ta fi ɗaya, har ya karkace. In babu makawa, a shimfiɗa filawud mai kaurin milimita 18 ko fiye a ƙarƙashin kowane matokari da kuma ƙarƙashin jak. Sharar tana da dalilin da mutane da yawa ba su sani ba. Hannun jak mai tayoyi ba miƙe yake tashi ba, lanƙwasa yake zagayowa, don haka yayin da kansa ke hawa dole jikin jak ɗin ya gangara ya shige ƙarƙashin mota. In ɗan tsakuwa ya tare tayarsa, jak ya tsaya cak, to motar zai jawo zuwa wajenka. In ɗaya ɓangaren yana kan matokarai a lokacin, za su karkata su kife. Yawancin faɗuwar mota a lokacin ɗaga ɓangare na biyu daga nan take. Duk bugu biyu ko uku, kalli tayoyin jak ka tabbata suna motsi.

Sa giya ta ɗaya, ja birkin hannu, sa weji gaba da bayan tayoyin da za su zauna a ƙasa. Wejin ne abin dogaro. A motar da injin ke juya tayoyinta na baya, da zarar tayar baya ɗaya ta bar ƙasa, giya ba ta riƙe komai, don difarenshal zai bar tayar da ke sama ta juya motar ta gangara. A tsofaffin Land Rover birkin hannun ma a kan sandar da ke kai juyi baya yake, saboda haka shi ma yana tashi a banza in taya ɗaya ta tashi. A Citroën DS da 2CV da Saab 99 kuwa tayoyin gaba birkin hannu ke kamawa, in ka ɗaga gaba ka ɗauke shi ke nan. Sassauta notin tayoyi kwatan juyi tun suna ƙasa, don fizgar sifana a kan motar da ke sama tana girgiza ta. In noti ya ƙi, duba kan ƙusar kafin ka ƙara ƙarfi: motocin Chrysler har wajen 1970 notin ɓangaren hagu a juye suke kwancewa, da harafin L a buge a kan ƙusar.

Fara da ɓangaren da ya fi nauyi, wato inda injin yake. In motar ta yi ƙasa da yawa jak bai shiga ba, hau da tayoyin kan falankin katako tukuna. Daidaita kan jak a tsakiyar ƙarfen gicciye, ka ɗaga har ya ɗauki nauyi kaɗan, ka tsaya. Leƙa ka ga katakon ya zauna sosai. Ƙara santimita biyu ko uku, ka kasa kunne. Ƙarar sifirin da roba ba komai ba ce, amma ƙas-ƙas irin wanda ka riga ka ji, ko ka ga jak yana hawa motar ba ta tashi, alama ce ƙarfen yana ba da kai, sai a sauke a sake wuri. In lafiya, ɗaga daidai yadda matokarai za su shiga a matakinsu na ƙasa. Tura su da hannu daga gefe, kanka da kafaɗarka a waje. Su zama tsawo ɗaya, hagu da dama a wuri iri ɗaya, kuma nesa da juna gwargwadon yadda ƙarfe mai lafiya ya ba da dama. Murɗa bawul a hankali ƙwarai, motar ta zauna musu sannu.

Koma baya ka yi haka nan. In kana son ƙarin tsawo, hau mataki-mataki, santimita 10 zuwa 15 a gaba, sannan a baya, sannan ka dawo. Ɗaga ɓangare guda can sama lokaci ɗaya yana karkatar da motar a kan matokaran ɗaya ɓangaren, ga shi kuma tsohuwar kafireto na iya zubar da fetur, batir mai ruwa ya yi yoyo. Kada ka ja matokari har haƙorinsa na ƙarshe, in tsawon bai isa ba a nemi babba.

Inda matokaran baya za su zauna ya danganta da aikin. In aksul sanda guda ne kuma ba sifirin za ka taɓa ba, sa su a ƙarƙashin bututun aksul dab da inda sifirin ya zauna. Wannan ya fi wa tsohon bodi sauƙi, don nauyi yana bin hanyar da ya saba. In a jikin bodi ka tokare, aksul zai rataye, to duba tiyon birki na roba da ke tsakanin bodi da aksul kada ya miƙe ya ɗauki nauyi, musamman in ka kwance shokazoba. A nan ne kuma sifirin mai naɗi yake iya ficewa daga mazauninsa.

Tsohon bodi yana murɗewa, don haka ka guji ɗaga kusurwa ɗaya can sama. Kafin ka fara, dubi tazarar da ke tsakanin ƙofofi da ginshiƙansu, ka sake duba bayan ta zauna a kan matokarai. In tazarar ta buɗe a sama ko ta matse, matokaran sun yi kusa da tsakiya ko sun yi can ƙarshe da yawa, ko kuma dokin ƙofar ya riga ya mutu. Ƙofofi su kasance a rufe yayin ɗagawa da saukewa, don suna taimaka wa bodin ya riƙe siffarsa. In ƙofa ta cije bayan an ɗaga, kada ka fizge ta ko ka buga ta da ƙarfi. A mota marar rufi abin ya fi tsanani, tunda babu rufin da zai ɗaure gaba da baya, kuma murɗewa kaɗan tana iya tsaga gilashin gaba, wanda samun irinsa na tsohuwar mota ba ƙaramin aiki ba ne.

Kafin ka shiga, kama motar ta wuri mai ƙarfi ka jijjiga ta da gaske, gaba da baya, hagu da dama. In za ta faɗi, gara ta faɗi kana tsaye a gefe. Leƙa kowane matokari ka ga ƙafafunsa duka suna ƙasa kuma kansa yana ɗauke da nauyi, don a kan matokarai huɗu mota na iya zama a kan uku ta bar ɗaya yana lilo. Mayar da jak ya taɓa ƙarfen gicciye na ɓangaren da kake aiki, taɓawa kawai ba ɗauka ba. Tayoyin da ka cire, kwantar da su a ƙarƙashin dokin ƙofa da katako a kai. Cire wayar batir in za ka yi aiki kusa da sitata ko bututun fetur. A samu wani a kusa da zai ji kiranka.

Ka kuma tuna nauyi yana ƙaura in aka cire abu babba. A Beetle ko 911, sauke injin yana mayar da bayan motar sakayau, ta nemi tuntsurawa gaba in matokaran gaba suna kusa da tsakiya, a mai injin gaba kuma akasin haka. Masu sifirin na mai ko na iska, irin Citroën DS ta 1955, suna iya ɗaga kansu sama har mutum ya ga sarari ya shiga, amma matsin mai ne kawai ke riƙe da su, in ya sauka motar ƙasa za ta zauna. Ba a shiga ƙarƙashinsu sai da matokari.

Saukewa ma mataki-mataki ne, a bi baya-baya yadda aka hau. Ɗaure notin taya da hannu tana sama, ka ƙarasa ɗaurewa a gicciye bayan ta sauka, da ma'aunin da littafin ya faɗa. In ka taɓa notin bushin roba na hannun taya, kada ka ƙarasa ɗaure su sai nauyin motar yana kan tayoyi, in ba haka ba robar za ta zauna a murɗe ta yage da wuri. Tura motar gaba da baya 'yan mitoci don tayoyin su koma zamansu, sannan ka taka birki ka ji ya cika kafin ka tayar da ita.

A motarka kuwa, tunda rami ɗaya ya riga ya ba da kai, ɗauka cewa sauran ukun ma haka suke har sai an gwada su. In gwajin hama da sukundireba ya nuna akwatunan ƙasan su ma sun yi laushi, to kada ka tokare bodin ko kaɗan, tokare tayoyin. Ɗaga ta ƙarfen gicciye na gaba da aksul na baya, ka sa ƙarƙashin kowace taya dandamalin katako mai kaurin santimita 5 da faɗin 10, a jera a gicciye hawa-hawa, a ɗaure kowane hawa da sukuru, faɗin dandamalin kamar santimita 40, tsawonsa daga ƙasa zuwa sama kada ya wuce faɗinsa, da tokari a gaba da bayan tayar don kada ta mirgina. Da haka za ka iya bin dogayen bututun birki daga gaba har baya motar tana zaune a kan sifirinta. Ƙarshen bututun da ke bayan kowace taya kuma sai ka yi su ɗaya bayan ɗaya, matokari a ƙarƙashin aksul ko ƙarfen gicciye, sauran tayoyi uku suna kan dandamalinsu.